Barcin Makcik

Litinin, 24 ga Nuwamba, bayan azahar

Kai da ka buɗe littafin tsohuwa ba da izininta ba, tunda ka buɗe sai ka biya. Ga ƙulun-ƙulufit ɗinka. Baƙuwa ce, a jirgin sama aka kawo ta. Ba ta jin yaren gari, abincin gari bai karɓe ta ba. Wuyanta duk tamoji, in ta tashi ƙetare falo sai ka yi gyangyaɗi ka farka ba ta kai ba. Bakinta babu haƙori, amma in ta kama ka sai ka ji a jikinka. Wace ce? In ka gaza ka ba ni gari, amma ban da Kuala Lumpur, na ƙoshi da ruwan sama.

Ɗazu na yi wa angona ita. Angon nawa jikana ne, Rayyan, shekararsa tara, a nan aka haife shi. Bai ma san ana ba da gari ba. Ya ce, "Kaka, ni ba ni da gari, lah." Lah ɗin nan ta mutanen nan ce, a ƙarshen magana suke liƙa ta. Na ce miji ba gari ba gona, da me za ka riƙe ni? Ya dube ni kamar na ce zan ƙwace masa jakar makaranta.

Ubansa ne ya saya mini littafin nan, wai in riƙa zuba surutuna a ciki. Ɗana ne na fari, ba na kama sunansa, don haka Dakta zan riƙa rubutawa, ko da yake takardar daktan har yau tana hanya. Matarsa Juwairiyya tana asibiti tun makon jiya. Jininta ne ya hau, ga ciki wata bakwai. Jego na zo yi mata, da gerona da kanwata da yajina, sai ga ni ina gadin gida a hawa na goma sha ɗaya a Taman Melati.

Mu uku ne: ni, da Dakta da ba ya zama, da ango. Ta huɗunmu kunkuru ce. E, kunkuru, a saman bene. Wani ɗalibi ɗan Uzbekistan ne ya bar wa Rayyan ita da zai koma gida. Sunanta Makcik, wai gwaggo ke nan da yaren nan. Faɗinta bai wuce murfin ƙaramar samira ba. Mutanen nan kura-kura suke ce wa kunkuru. Na ce ƙasar da kunkuru ne kurarta ai ta huta.

Makcik ba ta da lafiya. Hancinta na kumfa, ido ɗaya a kumbure, ta ƙi cin ganye.

Laraba, 26 ga Nuwamba, da hantsi

Jiya na ji abin da ban taɓa ji ba. Ashe irin Makcik 'yan ƙasar sanyi ne. A can in sanyi ya kama sai su shige rami su yi barci wata biyu, wata uku, ba ci ba sha. Nan kuwa ina sanyi? Daga zufa sai ruwa. Shi ne Juwairiyya take yi mata sanyin ƙarya. Akwai wani ɗan ƙaramin firji a ɗakin ajiya, duk Disamba sai ta auna ta, ta sa ta a kwali da yagaggun jaridu, ta saka a ciki, tana leƙa ta kullum har ta tashi.

Da Dakta ya gaya mini na yi dariya har haƙorana na roba suka nemi faɗowa. Na ce mutane sai sun yanka suke sawa a firji, ku da ransa kuke sawa.

To bana ba Juwairiyya, kuma Makcik na mura. Rigimar ke nan: a kwantar da ita, ko a bar ta ido biyu?

Ni dai na faɗi tawa. A gidanmu na Gezawa akwai wani ƙaton kunkuru, hawansa muke yi muna yara. Da rani sai ya ɓace a raminsa bayan rumbu, ruwan farko ya fito yana hamma. Ba wanda ya taɓa kai shi asibiti. Na ce ciwo ai barci ne maganinsa, a sa ta ta huta mu ma mu huta.

Dakta ya ce, "Inna, wancan daban, wannan daban."

Na ce, "Wannan ta yi boko ke nan?"

Bai yi dariya ba. Kwanan nan ba ya dariya.

Alhamis, bayan la'asar

Ruwa ake yi. Na je duba Juwairiyya. Ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Ta tambayi Rayyan, ta tambayi Makcik. Dakta ya ce kowa lafiya.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, bayan magariba

Yau na raka kunkuru asibiti. A rubuta wannan a ajiye wa 'yan baya.

Likitar wata siririyar 'yar Caina ce mai tabarau. Ta ɗora Makcik a sikeli kamar mai auna zinariya, ta haska hancinta, ta buɗe mata baki da ɗan tsinke. Ta daɗe tana magana, ba ni take kallo ba, ba Dakta ba, Rayyan take kallo. Shi kuma ya tsaya ƙyam yana gyaɗa kai kamar mai gida a gaban alƙali. Abin ya ba ni sha'awa, ban dai faɗa ba.

Dakta ya fassara mini. Wai ta rame, ba ta da kitsen da zai riƙe ta, kuma murar ta sauka ƙirji. In aka kwantar da ita a haka ba lalle ta tashi ba. Bana ba barci. A kunna mata fitila mai ɗumi, a riƙa tsoma ta a ruwan ɗumi, a ɗiga mata magani.

Na ce, "Tambaye ta, na Gezawa wa ya auna shi?"

Ya ce, "Inna, don Allah."

A hanya muka tsaya a mamak, wajen Indiyawan nan masu shayin da ake ja sama kamar igiya. Ango ya ci roti biyu, gurasarsu ke nan, Makcik na kwali a kan cinyarsa. Na ce ka ga, ita a cinya, ni uwargida a kan kujerar roba. Ya ce, "Kai kin yi nauyi." Na ce ke ake cewa, ba kai ba, gemuna ka gani? Ya ɗan murmusa. Ɗan kaɗan. Na ɗauka ya fara gane wasan.

Muna shiga gida sai ga saƙon murya daga mai kunkurun na da. Shi kuma cewa ya yi dole ta yi barci, tun tana ƙarama ba ta taɓa tsallake shekara ba, in ba ta yi ba za ta lalace. Rayyan ya dubi ubansa. Ubansa ya ce a bari uwarsa ta ji sauƙi a tambaye ta, ita ta san kan abin. Kuma kar wanda ya gaya mata Makcik ba lafiya.

Wato ba a yanke komai ba.

Lahadi, 30 ga Nuwamba, da yamma

Matan 'yan Najeriya sun zo gaishe ni, Bashira ce ta jawo su. Mijinta tare suke karatu da Dakta, ɗanta Zaid abokin Rayyan ne. Na yi musu zoɓo na gaske mai citta da kanumfari, ba ruwan jan da suke saya a kwali ba. Babban firji ya cika, sai na jera robobin a ɗan ƙaramin nan na ɗakin ajiya. Sanyinsa kamar na randa. Na murɗa abin juyawar har ƙarshe, kafin la'asar ya yi ƙanƙara. Sun sha suna santi. Wata ta ce, "Hajiya Delu, ki buɗe kedai kawai." Kanti ke nan. Hausarsu duk ta zama kwaɗo.

Makcik sai tonon kusurwar akwatinta take yi. Jikinta ya san lokaci ya yi, ita ba ta san ba ta da lafiya ba.

Talata, 2 ga Disamba, bayan isha'i

Yau na samu ango yadda nake so.

Ina kicin ina wasa wuƙa zan gyara kazar da Dakta ya sayo, sai ga shi ya tsoma Makcik a ruwan ɗumi a cikin robata.

Na ce, "Ango, robar wanke shinkafata ce fa wannan."

Ya ce, "Ita ta fi kyau, lah. Makcik tana so."

Na ce, "Madalla. Gara ta saba da kayan girki tun yanzu."

Ya ɗago. "Me?"

Na ce, "A garinmu dabba in ta fara kumfar hanci ba a jira. Kafin ta mutu a yi asara sai a kai mata wuƙa. Mai barci dai ba a taɓa shi, ba kyau a ci mai barci. Amma wannan da ke yawo a falo tana yi mana atishawa? Citta, masoro, 'yar tafarnuwa. Ga kwanon zubawa ma Allah ya ɗora mata a baya."

Na gwada kaifin wuƙar a farcena.

Da a Kano ne, da tuni Halimatu jikata ta ce ni za a fara dafawa, sai dai tsohuwa ba ta nuna sai an sa kanwa. Da sun ɓoye mini takalmi, na bi su da muciya, a yi ta yi har a kira salla. Haka na yi da kakata, haka ta yi da tata. Shi kuwa wannan sai ya ciro kunkurun a jiƙe ya manna a ƙirji, ruwa na bin rigarsa, ya shige ɗaki.

Da ubansa ya dawo na ji shi yana tambaya, "Abba, a Najeriya ana cin kunkuru?"

Dakta yana danna waya, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "E, wasu na ci."

Na toshe baki da mayafi a kicin, dariya har da hawaye.

Laraba, da safe

Na nuna masa ƙaramar tukunya na ce ka ga, daidai ita. Bai sha shayinsa ba ya tafi makaranta. Miji mai fushi, Allah ya ba mu haƙuri.

Alhamis, 4 ga Disamba, bayan la'asar

An gudu da amarya. Na leƙa akwatin gilashin, ba Makcik, fitila a kashe.

Na ce, "Ina gwaggon taka?"

Ya ce, "Gidan su Zaid." Yana kallon ƙafarsa.

Na ce, "Au, ka kai ta gudun hijira? To ka gaya wa Bashira ta rufe ƙofa da kyau, ina da hanci."

Ya shige ɗaki. Da na so in bi shi in ce wasa nake yi. Sai na ga in kaka ta ce wa jika wasa take yi, ai wasan ya mutu. Ba a faɗa. Kowa ya sani.

Dakta bai ma lura ba ta nan ba. Ya shigo, ya canza riga, ya koma asibiti.

Juma'a, bayan asuba

An kira waya. Ya fita ko hula babu.

Juma'a, da yamma

An yi wa Juwairiyya aiki. Namiji ne. Yana cikin kwalba. Ba a bar ni na gan shi ba.

Asabar

Ruwa ake yi.

Lahadi, 7 ga Disamba

Ba zan rubuta na yau ba.

Litinin, bayan azahar

Maza sun kai jaririn sun dawo. Ban tambayi inda aka kai shi ba, ƙasar Allah duk ɗaya ce. Dakta ya kwance ɗan gadon nan da muka haɗa, ya jingina katakon a bayan ƙofa. Na mai da gero da kanwa cikin jaka na zuge.

Ita tana nan da ranta. Alhamdu lillahi. Sai in riƙa maimaita wannan.

Gida cike da mutane, ba wanda ya kula da Rayyan. Na ga yana yawan shiga ɗakin ajiya ya turo ƙofa. Na ce a raina kuka yake zuwa yi, namiji ne, a bar shi. Na bar shi.

Talata, 9 ga Disamba, bayan isha'i

In ban rubuta ba ba zan iya kwanciya ba.

Bashira ta kawo mana tuwo da rana. Da za ta tafi na ce, "Ga wahalar girki, ga kuma baƙuwar da aka ajiye muku. Allah ya saka."

Ta ce, "Wace baƙuwa, Hajiya?"

Na ce, "Kunkurun."

Ta ce, "Wane kunkuru?"

Rayyan yana tsaye a bakin kicin da kofi a hannu. Ya ajiye kofin, ya ruga ɗakin ajiya. Na bi shi. Ban san ina da sauran gudu ba.

Na same shi ya jingina bayansa da ɗan firjin, ya ware hannuwa.

Na ce, "Matsa."

Ya ce, "Tana barci."

Na ce, "Rayyan, matsa in gani."

Ya fasa ihu. "Tana barci! Kin ce ba a cin mai barci! Kai kin faɗa! Kin faɗa!"

Bashira ce ta janye shi. Na buɗe. Abin da na fara gani ragowar robar zoɓona ce, ta daskare kamar dutse. Abin juyawar yana nan a ƙarshe inda na bar shi. Kwalin yana can ciki, ya huda masa ƙofofin iska da biro, ya yaga jarida ƙanana-ƙanana yadda ya ga uwarsa na yi. Komai ya yi daidai. Abin juyawar ne kawai bai sani ba.

Ta shige cikin ƙoƙonta. Na taɓa ƙafarta, kamar na taɓa cokali.

Na ɗauko zan tsoma ta a ruwan zafi, Bashira ta riƙe ni, ta kira likitar. Wai kar a yi, a hankali ake ɗumama ta, a kawo ta yanzu. Bashira ta kira mota suka tafi da yaron. Na sa mayafi zan bi su, ya ce in na shiga motar shi zai fita.

Na cire mayafin.

Laraba, da hantsi

Da ranta. Ta motsa ƙafa ɗaya. An riƙe ta a can.

Laraba, bayan magariba

Dakta ya dawo daga wannan asibiti ya ji labarin wancan. Duk abin da ya haɗiye tun Juma'a a kan yaron ya amayar. Da Turanci yake yi, ban ji ba, amma na ji. Likita ta ce kar a yi, ka yi. Ka yi ƙarya. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ce Kaka ce ba. Ko sau ɗaya bai ce ba.

Na shiga tsakaninsu na ce, "Ni na ce zan dafa ta. Ni kuma na murɗa firjin."

Ya ce, "Za ki dafa ta?"

Na ce, "Wasa."

Ya zauna a hannun kujera ya dafe kai. Can ya ce, "Inna, yaron nan bai san wannan wasan ba. Bai taɓa zama da kaka ba. A nan in babba ya ce zai yi abu, yi zai yi."

Na ce, "Kai ma ai ya tambaye ka."

Ya ce, "Yaushe?"

Bai tuna ba. Na bar shi a haka. Kayan da ke kansa sun ishe shi.

Juma'a, 12 ga Disamba

Na soya masa wainar fulawa, ya ce ya ƙoshi. Na ji shi daga baya yana cin biskit a ɗaki. Duk abin da ya fito daga tukunyata yanzu sai ya leƙa ciki tukuna.

Wasa nake yi. Wasa nake yi. Na faɗa wa madubi, na faɗa wa tukunya. Shi da ya kamata in faɗa wa tun ranar, na tsaya kare mutuncin wasa.

Litinin, 15 ga Disamba, bayan la'asar

An sallamo Makcik. Murar ta yi sauƙi da allura. Amma idanun sun yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Likita ta ce sanyin ya taɓa su. Wataƙila ta riƙa ganin haske, wataƙila a'a. Ba za ta iya neman abinci da kanta ba, sai an kai mata har baki. Zancen barci kuwa an rufe shi bana. Baɗi, in ta yi ƙiba, a sake aunawa.

Wato abin da 'yar Caina ta faɗa tun farko. Na Gezawa ramin kansa ya tona, ya san zurfin da ya dace da shi. Ba wanda ya murɗa masa komai.

Rayyan ya mai da akwatin ɗakinsa. Ya karɓi makullin ɗakin a wajen ubansa, ya zura a igiyar takalmi ya rataya a wuya.

Laraba, da safe

Ruwa. Na ji ƙarar makulli sau biyu kafin ya tafi makaranta. Yana juyawa, ya gwada, ya sake gwadawa.

Asabar, 20 ga Disamba, bayan azahar

Juwairiyya ta dawo. Tana tafiya tana dafa bango. Na dafa mata ruwan wanka da ganye, don ko ba goyo jiki na jego ne. Ta yi.

Da ta zauna ta ce, "Ina Makcik? Disamba ta yi nisa, an kwantar da ita kuwa?"

Rayyan ya je ya buɗe ɗaki ya ɗauko ta, ya ɗora mata a cinya. Ta daɗe tana kallon idanun. Shi ya ba ta labarin, da Turanci, a hankali. Na ji Kaka, na ji zoɓo. Na zauna ina jan carbi ban san abin da nake ja ba.

Ta rungume kunkurun a ƙirji, a nan ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Na san ba duka na kunkuru ba ne.

Da ta lafa ta ce, "Inna, ba komai. Allah ya ƙaddara."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, da yamma

Ina kicin, Juwairiyya da Rayyan suna falo, ta yi kamar ba ta san ina ji ba. Tana yi masa bayani da Hausa, ina jin don in ji ne ma. Wai a gida kaka da jika abokan wasa ne. Kaka ta ce kai mijinta ne, ta ce kai rago ne, ta ce za ta cinye abinka. Kai ma ka rama. Wai alamar so ce, wanda ba a so ba a tsokanarsa. Wai ita kakarta har akuyarta ta taɓa ɗaurewa a ɗaki ta ce ta sayar.

Ya ce, "Ta sayar?"

Ta ce, "A'a mana. Wasa ne."

Ya ce, "Ke kin san wasa ne?"

Ta ce, "Na sani."

Ya ce, "Ni ban sani ba. Tana riƙe da wuƙa. In wasa ne me ya sa ba ta ce wasa ne ba?"

Albasar da nake yankawa ta yi mini rana.

Laraba, 24 ga Disamba

Na daina magana da yawa. Dakta ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, littafin da ka saya ne yake aiki.

Ta kafar ƙofa nake ganin Rayyan da Makcik. Yana kwance rub da ciki, ya naɗe ganye kamar taba, yana goga mata a baki yana cewa makan, makan, wato ci. Sai ta daɗe kafin ta buɗe. In ta kai cizo ta sami iska, sai ya matso da ganyen. Haƙurin yaron nan ban san inda ya samo shi ba. Ba a wajena ba dai.

Asabar, 27 ga Disamba, bayan la'asar

An yi hutun makaranta, amma ubansa ya sa shi ajin hadda daga Litinin, safe zuwa la'asar. Makcik kuwa sai an ba ta abinci da magani da rana. Juwairiyya ba ta iya sunkuyo saboda ɗinki. Dakta ya koma jami'a. An zauna ana lissafin wanda zai yi, ana ta kewaye ni kamar rijiya a tsakar gida. Aka ce Bashira, aka ce nisa. Aka ce ya riƙa tafiya da ita, aka ce malam ba zai yarda ba.

Ba ni da bakin cewa ga ni.

Litinin, 29 ga Disamba, bayan azahar

Da safe ina kan sallaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, da jallabiyarsa da jakarsa. Rabon da ya tako ɗakina tun kafin abin.

Ya ce, "Kaka."

Na ce, "Na'am."

Ya ce, "Ki ce wallahi."

Na ce, "Wallahi."

Ya ce, "A'a. Duka. Wallahi ba zan ci Makcik ba."

Ni Delu, da furfurata, da jikokina goma sha, na ɗaga yatsa a kan sallaya na ce wallahi tallahi ba zan ci Makcik ba, ba zan yanka ta ba, ba zan sa ta a firji ba.

Ya ce, "Ko tana barci ko ba ta barci."

Na ce, "Ko tana barci ko ba ta barci."

Ya ciro igiyar daga wuyansa. Bai ba ni a hannu ba, a gefen sallayar ya ajiye. Ya yi mini bayani kamar likita: ganye uku, a naɗe, a taɓa mata ta gefen dama, ɗigo biyu a kowane ido, kar a kashe fitila. Ya sa na maimaita. Na maimaita.

Ya juya zai tafi, ya dawo. "Kuma ki daina ce mini ango. Ni ba mijinki ba ne."

Maganar ta zo mini har bakin leɓe: au, saki ke nan, ina takardata, ina kayan ɗakina? Da a Kano ne da an kwana ana dariyarta. Na haɗiye ta. Ta wuce da ƙyar kamar busasshen ƙanzo.

Na ce, "To, Rayyan."

Ya ce, "Boleh," wato ya yi. Ya tafi.

Da rana na buɗe ɗakin. Na durƙusa, gwiwoyina suna ƙara. Na naɗe ganyen na taɓa mata ta dama. Ta miƙo wuya, ta laluba, ta laluba, ta kai cizo ta kama mini yatsa. Da zafi. Ban janye ba sai da ta saki don kanta. Ta ci biyu da rabi. Na ajiye rabin a kan takarda don ya gani da idonsa in ya dawo, na rufe ɗakin, na gwada, na sake gwadawa.

Kai mai karatu, riƙe garinka, ba na so. Baƙuwar nan ba Makcik ba ce. Delu ce 'yar Gezawa, kakar Rayyan.